Sandar Tokare Ɗaki a Motar Gida: A Sa ko A Bari?

A Amurka, inda ake yawan jan tirelolin kwana a bayan mota, da yawa daga cikinsu suna da ɗaki mai fitowa ta gefe idan an yada zango, a mayar da shi ciki idan za a kama hanya. Tambayar ita ce ko sai an tokare shi da sanda kafin a tashi.

Littafin kamfanin da ya ƙera tirelar shi ne alƙali. Idan ta zo da sandunan, a sa su, ba don ado aka bayar ba. Yawancin na zamani masu aiki da lantarki, injin da haƙoran giyarsa ne ke riƙe ɗakin. Masu aiki da matsin mai kuwa, idan bawul ya fara yoyo, ɗakin kan riƙa sulalowa a hankali. Sai ka tsaya shan mai ka ga saman ɗakin ya buɗe kamar faɗin yatsa biyu, robar bakinsa ta saki, ƙura da ruwa suna shiga. A nan sanda tana da amfani, amma gyara ne magani, domin yawancin manyan hanyoyin ƙasar ba su yarda faɗin tirela ya wuce inci 102 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mantuwa. Wanda ya danna maɓallin buɗe ɗakin sandar tana nan, zai iya fasa katakon bango ko ya lalata injin. Ku ɗaura mata jan ƙyalle, ku manna takarda a jikin maɓallin, kuma kada ku buɗe ɗakin sai kun ga sandar a hannunku.