Aƙida da Sassauci a Harkar Mulki: Darasi Daga Rikicin Santsi da Taɓo

1.0 Gabatarwa

Aƙida a siyasa ita ce manufar da mutum ya yi imani da ita, yake kuma fafutukar tabbatar da ita. Sassauci kuwa shi ne rangwamen da yake yi wa abokan hamayya domin aiki ya gudana. Wannan darasi zai duba yadda abubuwan biyu suka yi karo a tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da ƙasar Haɗeja kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

2.0 Tushen Aƙidar

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da manufar 'yantar da talaka daga danniya. PRP, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ta gaje ta, ta kuma lashe kujerun gwamna a Kano da Kaduna a zaɓen 1979. Da hawansa mulkin Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ga manomi da makiyayi na fadamar Baturiya da kewayenta, wannan shi ne aƙida a aikace, domin an sauke musu nauyin da suka gada tun kaka da kakanni.

3.0 Ɓarakar Santsi da Taɓo

Ba a daɗe ba sai saɓani ya kunno kai. Gwamnonin PRP biyu sun shiga tarukan gwamnoni tara masu ra'ayin kawo sauyi, tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, aka kore su a 1980. Daga nan jam'iyyar ta dare gida biyu: 'yan Taɓo, masu biyayya ga Malam, da 'yan Santsi, masu bin gwamnonin. Duk wanda ya taɓa ratsa fadama da damina ya san ma'anar sunayen: taɓo yana riƙe ƙafa, santsi kuwa yana zamar da ita.

Abin lura shi ne, kowane ɓangare ya zargi ɗaya da sayar da aƙida. 'Yan Taɓo suna ganin gwamnonin sun miƙa wuya ga wasu jam'iyyu, su kuma 'yan Santsi suna zargin shugabannin da karkata ga gwamnatin NPN. Ke nan ba a kan halascin sassauci aka yi saɓani ba, a kan wanda za a yi shi da shi ne. Shi kansa Malam ya ƙulla ƙawance da NCNC a zamanin NEPU, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ba tare da ya bar kishin talaka ba.

4.0 Sakamako

A Kaduna, majalisar dokoki mai rinjayen 'yan NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa. Babu wanda ya rusuna wa wani, har aka tsige shi a watan Yuni, 1981. A Kano, takun-saƙa tsakanin gwamnati da masarauta ya haifar da tarzomar 10 ga Yuli, 1981, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mashawarcin gwamna kan siyasa. Malam ya rasu a Afrilu, 1983. Rimi ya koma NPP, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP, kuma a ƙarshen shekarar sojoji suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya bambance tsakanin manufa da dabara. Manufa, kamar sauke wa talaka nauyi, ba a cinikinta. Dabara kuwa, kamar zaɓen abokin tafiya da lokacin ɗaukar mataki, tana karɓar gyara. Wanda ya mayar da kowace dabara aƙida zai rasa mulkin da zai yi aikin da shi. Wanda kuma ya mayar da aƙida dabara zai riƙe mulkin da ba ya amfanar kowa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma sai in an miƙe da abin da aka je nema.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin aƙida da sassauci tare da misalai.
2. Bayyana musabbabin rabuwar PRP a 1980.
3. Tattauna abin da tsige Balarabe Musa ke koyarwa game da dangantakar gwamna da majalisa.