Gidan Mari ko Asibiti?

Wata baiwar Allah daga Kende, ƙaramar hukumar Bagudo, ta ce ɗanta ya faɗa shan tiramol, shin ta kai shi gidan mari?

Hajiya, Allah ya shirya mana shi. Mu dai ba mu ba ki wannan shawarar ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kutsa wani irin gidan a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Mai barin ƙwaya yakan sha fama da ciwon jiki da rashin barci, likita yake buƙata a kusa. Ku fara da ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da ke Birnin Kebbi. In abin ya yi tsanani, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, jihar Sakkwato.