Ƙwayar ƙarin jini ga uwa mai gyambon ciki

Ke uwa mai fama da gyambon ciki ko ƙwannafin da ya daɗe bai tafi ba, wataƙila an ba ki ƙwayar ƙarin jini a wurin awon ciki, kika sha kwana uku, cikinki ya murɗa, zuciya ta tashi, sai kika ajiye sauran a ƙasan jaka. Mata da yawa haka suke yi a rugage da ƙauyukan Dannet, kuma ƙorafinsu gaskiya ne, domin sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar yana taɓa fatar tumbi. Sai dai mai ciwon ciki ta fi kowa buƙatar ta. Gyambo yakan zubar da jini kaɗan-kaɗan ba a gani, kuma ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa, wadda likitoci biyu suka gano a Ostareliya a 1982 mai suna Helicobacter pylori, tana rage abin da jiki ke tsotsa na ƙarfe. Idan juna biyu ya haɗu da wannan, jini yana ƙarewa da sauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sami miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kowace rana, ta kuma ci gaba makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Abin da za ki gyara shi ne lokacin sha da abin da kike haɗawa da shi.

Wanda cikinsa lafiya lau yake yana iya shan ƙwayar da wofin ciki. Ke kuwa ki sha ta bayan kin ci ɗan abinci, da ruwa kofi guda cike, kuma kada ki kwanta nan take. Jiki zai tsotsi ƙasa da yadda zai tsotsa da wofin ciki, amma ƙwayar da aka sha kullum ta fi wadda aka yar. In har da haka ba ta zauna ba, ki koma wurin ungozoma ko ma'aikacin CSI. Yana iya rage yawan ta ko ya canza ranakun sha. Wannan shawararsa ce, kada ki yanke ta ke kaɗai.

Babban abin da ke ɓata aikin ƙwayar a ƙasarmu shi ne shayi. Ba wanda zai ce wa mutanen Ayar su bar kofuna uku na bayan abinci, mu ma ba mu faɗa ba. Amma ɗacin nan na ganyen shayi yana kama ƙarfe a cikin hanji ya fice da shi. Madara, nono da cuku su ma suna rage tsotsarsa. Don haka ki bar tazarar awa biyu tsakanin ƙwayar da shayi ko furar da aka dama da nono. Lemo da tumatir kuwa suna taimakawa. Duk ranar da lemon Timiya ya iso kasuwa, ɓari ɗaya tare da ƙwayar ya wadatar.

Sai kanwa. Mai ƙwannafi takan jiƙa ta ta sha, zafin ya lafa na ɗan lokaci, saboda kanwa tana kashe tsamin tumbi. To, wannan tsamin shi ne ke narkar da ƙarfe har jiki ya karɓe shi. Ban da haka kanwa cike take da gishiri, tana iya ta da hawan jini da kumburi, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciya na bayan haihuwa. Farin maganin ƙwannafi na ruwa ko na taunawa shi ma a raba shi da ƙwayar da awa biyu. Mai shan omefirazol ta sha shi da safe, rabin awa kafin karin kumallo, ta bar ƙwayar jini zuwa yamma, ta kuma sanar da ungozoma tana shan sa.

Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saidawa a tire, irin su ibufirofen, dikulofenak da asfirin, suna ci wa gyambo wuta. Ki guje su.

Ƙwayar ƙarin jini tana mai da bayan gida baƙi-baƙi ko kore mai duhu, wani lokaci da tauri. Wannan ba abin tsoro ba ne, ki ƙara shan ruwa. Amma bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, ko amai da jini, ko jiri da bugun zuciya da tafin hannu fari fat, alamar zubar jini ce a ciki. A nemi mota zuwa asibitin Arlit a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Ku wakilan lafiya na al'umma, idan kun shiga gida ko bukka, ku roƙi a nuna muku katin ƙwayoyin ku ƙirga da idonku, sa'an nan ku tambayi ƙarfe nawa ake sha da kuma lokacin shayi. Ku duba inda aka ajiye su: a inuwa, nesa da murhu, inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin ƙwayar ƙarfe da yawa tana iya kashe ƙaramin yaro. Yaron da zawo ya kai masa kwana 14 a kai shi CSI a auna damtsensa. In yana karɓar Plumpy'Nut kada a ƙara masa maganin ƙarfe, akwai shi a ciki.