Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Lura da Mai Juna Biyu a Gidan Yari?

Tambaya: Ƙanwar maigidana tana tsare a gidan yari tana jiran shari'a, kuma tana ɗauke da cikin wata shida. Duk sanda muka je ziyara sai a ce mana lafiyarta ƙalau. Don Allah akwai wanda doka ta ɗora wa alhakin duba lafiyar irinsu, ko mu zuba ido kawai? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah Ya sauke ta lafiya, Ya kawo ƙarshen wannan shari'a da alheri. Kada ku zuba ido. Akwai doka, akwai kuma waɗanda ta ɗora wa nauyi, sai dai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a bayan katanga akwai tazara, kuma tazarar tana ƙara faɗi ne a duk inda babu mai tambaya.

Mu fara da abin da ke rubuce. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya. Sashe na 34 na dokar ya keɓanta ga mata. Ya ce a ware musu wurinsu daban, a yi wa kowace mace gwajin ciki ranar da aka kawo ta, in ba ta samu ba kada a wuce kwana 14. Ya wajabta kula da lafiyar mai ciki, da tanadar ɗakin reno saboda jariran da ke tare da iyayensu. In kuwa ciki ya shiga bayan an tsare mace, sai an yi bincike har da gwajin ƙwayar halitta, a gano mai shi a gurfanar da shi. To kin ga awon ciki ba alfarma ce gandiroba zai yi mata ba, haƙƙinta ne.

A sama da wannan akwai Ƙa'idojin Bankok, guda 70, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamban 2010 musamman saboda mata fursunoni. Sun hana sa wa mace ankwa ko mari tana naƙuda, ko tana haihuwa, ko da zarar ta sauka. Sun hana kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai a ɗakin horo. Sun kuma ce in laifin ba babba ba ne, gara a nema wa mai ciki hukuncin da ba na ɗauri ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ma, a sashe na 30, wannan ra'ayi ta ɗauka. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin malamai sun daɗe suna karantar da mu labarin matar nan Bagamidiya da Manzon Allah (SAW) ya jinkirta mata hukunci har ta haihu, har ta yaye.

Masu dubawa kuma suna da yawa a takarda. Babban Jojin jiha yana kai ziyara gidajen yari, ya duba waɗanda suka daɗe ba shari'a, ya saki waɗanda ya ga dacewar saki. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana da ikon shiga ta bincika. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda kowane wata, kuma wannan yana da muhimmanci, don mace takan kwana da yawa a hannun 'yan sanda kafin ta ga ƙofar gidan yari.

To ina gizo ke saƙar? A wajen lissafi. Mata kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai na fursunonin Najeriya, kuma in aka cire wurare ƙalilan irin na mata da ke Kirikiri a Legas, yawancinsu a wani ɓangare ake ajiye su cikin gidan da aka gina don maza. Taƙaitaccen lissafin da hukuma ke fitarwa yana nuna maza nawa, mata nawa, nawa aka yanke wa hukunci, nawa ke jiran shari'a. Babu layin masu ciki, babu na masu jego, babu na jarirai. Wanda ba a ƙirga shi ba kuwa ba a yi masa kasafi, in ya salwanta kuma ba wanda zai ga giɓi.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Satumban 2019, a kurkukun mata na Bronzefield da ke kusa da Landan, wata yarinya 'yar shekara 18, ita ma jiran shari'a take, naƙuda ta kama ta da dare. Ta danna ƙararrawar ɗakinta sau biyu. Karo na farko an ɗauka, ta ce a turo mata ma'aikaciyar jinya, ba a turo ba. Karo na biyu ba wanda ya amsa. Ita kaɗai ta haihu, da haƙorinta ta yanke cibiya. Sai da gari ya waye aka shiga, aka tarar da jini ko'ina, jaririyar ba rai. Da aka fara tambayar mata nawa ne ke da ciki a kurkukun Ingila, nawa ke haihuwa duk shekara, sai ya bayyana gwamnati ba ta tara wannan adadi wuri guda. A watan Yunin 2020 wata ta sake haihuwar jaririya ba rai a bayin kurkukun Styal.

Abin da ya sa na kawo miki wannan labari mai ɗaci shi ne yadda aka yi muka san shi dalla-dalla. Akwai ofishi mai zaman kansa da ke binciken mutuwa a kurkukun ƙasar, wanda ba a ƙarƙashin shugaban kurkukun yake ba. Shi ya bi bayanan ƙararrawa, ya duba fayil, ya ji ta bakin ma'aikata, ya buga rahotonsa a 2021 kowa ya karanta. Yanzu gwamnatin tana fitar da adadin masu ciki da na haihuwa kowace shekara. Ran jaririya ya yi tsada a ce shi ne kuɗin wannan gyara. Amma da a ce gidan da abin ya faru shi ne zai binciki kansa, da layi ɗaya za a rubuta a rufe fayil.

A Amurka ma, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi kowa ɗaure mata, sai da wata likitar mata a Jami'ar Johns Hopkins, Carolyn Sufrin, ta roƙi gidajen yari su riƙa aiko mata da adadi wata-wata. Daga 2016 zuwa 2017, a kurkukun jihohi 22 da na tarayya, an shigo da mata 1,396 da ciki. An haifi 753 da rai, 46 sun yi ɓari, 4 an haife su ba rai. Aikin da ya kamata hukuma ta yi ke nan tun tuni. A Disamban 2018 aka yi dokar First Step Act, wadda ta hana ɗaure mai ciki da mai jego da ankwa a kurkukun tarayya sai da dalili mai ƙarfi, kuma duk wanda ya yi sai ya rubuta rahoton dalilinsa cikin kwana 30. Wannan sharaɗi na rubutawa shi ne ya fi burge ni, domin ma'aikacin da ya san sunansa zai hau takarda yakan yi tunani sau biyu. Sai dai dokar ba ta hau kan kurkukun jihohi da na ƙananan hukumomi ba, inda mafi yawan matan suke.

Jego ma abin dubawa ne, ana yawan mantawa da shi. A gida mai jego tana da uwa ko gwaggo da ke tsaye a kanta har arba'in, mai lura da ko jini ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo, ko ta daina cin abinci tana kuka ba dalili. A gidan yari sai dai 'yan ɗakinsu. Zubar jini da jijjiga, waɗanda ke cikin manyan masu kashe mata a ƙasar nan, ba sa jiran a nemo mabuɗi a nemo mota.

Ga abin da nake ganin za ku yi. Ku daina karɓar "lafiya ƙalau" a matsayin amsa. Ku tambaye ta da bakinta yaushe aka yi mata awo na ƙarshe, an auna jininta ko ba a auna ba, tana samun maganin ƙarin jini, ƙafafunta suna kumbura ko kanta yana sarawa. Ku nemi ganin jami'in walwala na gidan da ma'aikacin lafiya, ku tambayi asibitin da za a kai ta in naƙuda ta zo da tsakar dare, da wanda zai sa hannu a fita da ita. Kowace amsa ku rubuta da kwanan wata. In tana da katin awo tun daga gida, ku kai musu kwafi, ku riƙe na asali.

Mafi girma shi ne beli. Tunda ba a yanke mata hukunci ba, lauyanta ya shigar da buƙatar beli, ya haɗa da takardar likita mai nuna watannin cikin. In ba ku da halin ɗaukar lauya, ku je ofishin hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya da ke jiharku, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In kun ga sakaci, ku kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ku aika kwafi ofishin Babban Joji, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa. Wata uku ya rage mata, Malama, kuma kotu tana iya ɗage zama ɗaya ya cinye rabinsu, don haka a cikin makon nan za ku fara.