Yadda manhaja ke sanin sauran wuri a waya da kwamfuta

Kowace ma'ajiyar bayanai, ko katin memori ne, ko filashi, ko cikin waya, tana da tsarin da ake jera fayiloli a kansa. Wannan tsari shi ke riƙe da sunan kowane hoto da waƙa da bidiyo, da girmansa, da inda aka ajiye shi, da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Ana kiransa tsarin fayil. Kamar mai kula da sito yake, wanda ya san buhu nawa aka shigar, kuma ya san wurin buhu nawa ya rage.

Tsarin fayil iri-iri ne. Kwamfutocin Windows suna amfani da NTFS, wanda ya fito a 1993. Wayoyin Android da yawa suna amfani da ext4 ko F2FS, na Apple kuwa APFS tun 2017. Katin memori da bai wuce gigabait 32 ba yakan zo da FAT32, wanda ya fi haka girma kuma yakan zo da exFAT.

Idan manhaja tana son ajiye wani abu, misali WhatsApp zai sauke bidiyo, ba ita ke bin ma'ajiya tana ƙirga wuri ba. Tambaya take aika wa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ita kuma ta duba lissafin tsarin fayil ta ba ta amsa nan take. Masu rubuta manhaja suna da sunan wannan tambaya. A Linux da danginsa ana ce mata statvfs, a Windows GetDiskFreeSpaceEx, a Android kuma StatFs. Abin da manhaja za ta bayar kawai shi ne sunan wurin da take nufi.

Amsar ba ta zuwa da gigabait kai tsaye. An yanka ma'ajiya zuwa ƙananan gurabe masu girma ɗaya, sau da yawa bait 4,096 kowanne. Don haka a Linux ana gaya wa manhaja girman gurbi ɗaya, da yawan gurabe gaba ɗaya, da yawan waɗanda babu kome a ciki. Ita ce za ta ninka. Idan gurabe miliyan ɗaya ne suka rage, kowanne bait 4,096, to sauran wuri ya ɗan haura bait biliyan huɗu ke nan. Fayil kuma galibi ba ya ɗaukar rabin gurbi. Takarda mai bait 100 tana iya cinye gurbi guda cur, shi ya sa tarin ƙananan fayiloli ke cin wuri fiye da yadda ake tsammani.

Akwai wani wuri da sababbin masu rubuta manhaja kan yi tuntuɓe. A Linux lamba biyu ake bayarwa: wurin da babu kome, da wurin da aka yarje wa mai amfani ya taɓa. Ba ɗaya ba ne, domin ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin 100 don mai kula da na'ura, saboda kada ta cika maƙil ta tsaya cak. Manhaja mai kyau lamba ta biyu take dubawa.

Sanin irin tsarin fayil ma yana da amfani. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Mutum zai kai katinsa wurin masu tura fina-finai, kati na nuna akwai sauran gigabait 20, amma babban fim ya ƙi shiga. Katin lafiyarsa ƙalau, tsarin ne ke da iyaka.

Haka nan katin da aka rubuta wa gigabait 32, kwamfuta takan nuna kusan 29.8. Wannan ba cuta ba ce. Kamfani yana lissafi da dubu-dubu, Windows kuwa da 1,024, sannan shi kansa tsarin fayil yana cin ɗan wuri.

Cutar gaskiya tana wajen jabun kati, kuma a nan ya kamata mai saye ya buɗe ido. Manhaja ba ta auna kati da kanta, abin da katin ya faɗa shi take gaskatawa. Masu jabu kan gyara ƙaramin kati ya riƙa cewa shi babba ne, waya kuma ta nuna hakan. Da farko kome yana tafiya daidai. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sai fayiloli su fara lalacewa, a ga sunan hoto amma ya ƙi buɗuwa. Hotunan biki da karatun malamai da aka daɗe ana tarawa sukan salwanta ta wannan hanya. Maganin abin shi ne a gwada sabon kati tun ba a zuba masa kome ba. Manhajoji irin su H2testw a Windows da F3 a Linux suna cika katin da bayanai, sannan su karanta su duka su ga ko sun dawo yadda aka rubuta su.