Kujerar Ofis da Tabarmar Gida

Karatu: Fitowa 18:1-27

Idan kana aikin ofis a jami'a, ko kuwa kana zaune da mai yin sa, wannan darasi naka ne. Wanda bai taɓa leƙa ofishin rajistara ba yakan ɗauka zama ne kawai a ƙarƙashin fanka. Kai ka san ba haka ba ne. Da JAMB ta saki sakamako, wayarka ba ta ƙara hutawa, kowa yana da ɗa ko ƙane da yake so a duba masa. Taron majalisar jami'a ya kai dare, kai ne kuma za ka zauna ka rubuta abin da aka tattauna. Bikin yaye ɗalibai ya cinye Asabar. Tsanin ma dogo ne, mataki bayan mataki, kowanne sai an yi shekaru ana jiran ƙarin girma. A Nijeriya, tun dokar 2012, ma'aikacin jami'a da ba malami ba yana ajiye aiki ne yana da shekara 65. In ka shiga kana da 30, shekara 35 ke nan. Jaririn da aka haifa maka shekarar da ka kama aiki zai iya yin aure, har ya ba ka jika, kana nan a kan kujerar.

Yanzu buɗe Littafi Mai Tsarki. Mu masu wa'azi mun saba fara wannan sura daga aya ta 13, inda Yetro ya ba Musa shawarar raba aiki. Amma ka koma aya ta farko ka ga abin da ya kawo tsohon. Ba taron shugabanci ya zo yi ba. Ya rako 'yarsa Ziffora ne, matar Musa, da jikokinsa biyu, Gershom da Eliyezer, domin Musa ya riga ya tura su gidan surukinsa. Mutumin da ya fito da dukan Isra'ila daga Masar, nasa iyalin wani ne yake riƙe masa.

Musa ya tarye surukinsa da girmamawa, suka shiga alfarwa, ya ba shi labarin abin da Ubangiji ya yi. Nassi ya rubuta wannan hira, amma bai rubuta ko kalma ɗaya tsakanin Musa da Ziffora ba. Kashegari kuma Musa ya koma wurin shari'a, jama'a na tsaye kewaye da shi tun safe har yamma. Iyalinsa sun iso jiya jiya! Yetro ya zuba ido, sa'an nan ya gaya masa a fili cewa wannan hanya ba ta da kyau, za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da mutanen. Ya ce a zaɓi amintattu masu tsoron Allah, masu ƙin cin hanci, a sa su bisa dubu, bisa ɗari, bisa hamsin, bisa goma, manyan matsaloli kaɗai su iso wurin Musa.

Lura fa, ba zunubi Musa yake yi a kan kujerar nan ba. Aikin Allah yake yi. Abin da ya sa tarkon yake da wuyar ganewa ke nan. Mashayi ya san yana cutar gidansa, amma mai ƙwazo yana dawowa ƙarfe tara na dare da lamiri a kwance, yana cewa ai domin su nake yi. Ɗan'uwa, tambayi kanka tsakaninka da Allah: fayil nawa ne a teburinka wanda na ƙasa da kai zai iya gamawa? Me ya hana ka miƙa masa? Sau da yawa ba yawan aiki ba ne, daɗin a ce in ba ka nan kome ya tsaya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Musa, da yake magana da Allah, bai ji kunyar karɓar gyara daga surukinsa ba.

Sama'ila ya yi wa Isra'ila shari'a dukan kwanakinsa, kowace shekara yana zagaya Betel da Gilgal da Mizfa. Shi kansa ba a taɓa kama shi da kwabon kowa ba. Amma 'ya'yansa, Yowel da Abaija, da aka sa su alƙalai a Biyer-sheba, suka karɓi hanci, har jama'a suka ce a ba su sarki. Sunanka mai tsabta a ofis ba gado ba ne da yaro zai ɗauka daga nesa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sai kana kusa.

Dole in faɗi laifinmu ma. Mu a ikkilisiya, da mun ga ɗan'uwa ya iya rubutu da tsari, sai mu ɗora masa sakataren kwamiti uku, ga kwanan addu'a ran Jumma'a, ga taron dattawa bayan sujada. 'Yar yammar da ofis ya rage, mu muka kwashe. In kai ne, kana da izini ka je wurin fastonka ka ajiye ɗaya. Ba ja da baya ba ne.

Sai kuma abin nan da kake so tun kana saurayi, da ka jingine: lambun bayan gida, kiwon tantabara, ƙwallo, ko jitar da ƙura ta rufe. Kada ka ce wasan yara ne. Dawuda makiyayi ne da ya iya garaya, kiɗan nan kuwa shi ya shigar da shi fada, shi ne kuma Allah ya mora har mugun ruhu yakan rabu da Saul. In ka ɗauko naka, ka ja ɗanka ko 'yarka ku yi tare. Yaron da ba zai amsa tambayarka a falo ba, yakan buɗe baki kuna ban ruwan tumatir.

Addu'a: Ya Uba, ka aiko mini da Yetro nawa, ka ba ni kunnen jin sa. Ka nuna mini aiki ɗaya da zan miƙa wa wani a wannan mako, da yamma ɗaya da zan mayar wa gidana. Cikin sunan Yesu. Amin.