Idan Naku Ya Maƙale a Ƙasar Waje: Abin da Gida Zai Tanada

Daga Bachirawa zuwa Fanisau a nan Ungogo ta Kano, da wuya ka shiga layin da babu mai ɗa yana karatu a Masar, ko 'ya tana aikatau a Jidda, ko ƙane da ya bi ta Agadas yana neman Libiya. Ofishin jakadancin Najeriya yana agaji idan ta ɓaci, amma wanda ya san da zamansa, kuma ya tabbatar ɗan ƙasa ne, shi yake fara kaiwa gare shi. Rabin aikin nan a gida ake yin sa, tun ba a ɗaure kaya ba.

1. Ku yi wa fasfo da biza fotokwafi biyu. Ɗaya mai tafiya ya sa a jaka daban, ɗaya a naɗe a leda a ajiye tare da takardar gona, a kuma rubuta lambar NIN a bayanta. Idan fasfo ya ɓace, ko uban gida ya riƙe shi ya hana, ofishin jakadanci na iya ba da takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta dawo da mutum gida, amma sai sun gamsu cewa namu ne. Wannan 'yar takardar ta fotokwafi ita ke taƙaita zirga-zirgar.

2. Yana sauka, ya je ya rubuta sunansa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, da jerin sunaye aka kwashe ɗalibanmu a motocin bas daga Khartoum zuwa iyakar Masar. Can ma sai da suka shafe kwanaki a rairayi kafin jirgin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Ku matsa wa yaronku ya yi rajista a ofishin jakadanci, ya kuma shiga ƙungiyar ɗalibai ko ta 'yan Najeriya mazauna garin, domin a bakinsu sanarwa take fara fitowa.

3. Lambobin waya a takarda, ba a waya kaɗai ba. Waya tana mutuwa, ana sace ta, ana ƙwace ta. A Saudiyya babban ofishinmu yana Riyad, ƙarami kuma yana Jidda, shi ne mafi kusa da mutanen Makka da Madina. Alhaji kuwa ya riƙe lambar jami'in alhazai na Ungogo da ta hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a aljihun jakarsa.

4. Kada a karɓi saƙon kowa, kuma a ƙirga jakunkuna. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018, bayan wasu ɓata-gari sun liƙa sunanta a jikin jakar ƙwayoyi a filin jirgin Malam Aminu Kano, ga shi nan a bakin ƙofarmu? Sai da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta bankaɗo gungun, gwamnati ta sa baki, sannan aka sako ta a ƙarshen Afrilun 2019. Ku ɗauki hoton kayanku a kan sikeli, ku duba yawan jakar da aka rubuta muku, ƙullin yaji ko na maƙwabciya ne a kwance shi a gabanta, kunya ba ta fitar da mutum daga kurkuku.

5. Idan an kama shi, ya nemi a sanar da ofishin jakadanci. Haƙƙinsa ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1963, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san me ta ce ba, ya nemi tafinta. Sai dai ku sani jakada ba alƙali ba ne: zai ziyarce shi, ya bi kadin shari'ar, ya sanar da ku, amma ba zai buɗe ƙofar gidan yari ba, ba kuma aikinsa ba ne biyan tara ko diyya.

6. A gida, mutum ɗaya ya riƙe maganar. A rubuta shafi guda: cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfon, garin da yake, ranar da aka ji muryarsa ta ƙarshe, da sunan ejan ɗin da ya kai shi. A aika wa hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, a kai kwafi ofishin ɗan majalisar tarayya na Minjibir da Ungogo. In yaudarar sa aka yi da sunan aiki, ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, yana nan cikin Kano. Kuka a Facebook yakan ja hankali, ban musa ba, amma jami'i da takarda yake aiki.

7. Kada ku sayar da gona don wani ya bugo waya. Duk wanda ya ce daga ofishin jakadanci yake, a tura kuɗi asusunsa a saki ɗanku, ku kashe ku kira lambar da kuka ajiye. Waɗanda suka maƙale a Agadas ko Libiya kuwa, hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, tana dawo da mai son dawowa ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba, kuma na Agadas sau da yawa a Kano ake sauke su, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta karɓe su. Ku gaya masa ya nemi sansaninsu ya ba da sunansa.